Darasin Fasaha: Adon Bango da Gwanayensa

A wannan makon ƙungiyarmu ta 'yan jarida ta kawo muku darasi a kan adon bango mai tudu, wato wanda hannu zai iya shafawa ya ji shi. Irin wannan ado sau da yawa ba ya kwaikwayon siffar mutum ko ta dabba. Layuka ne da da'ira da kusurwoyi, kowa ya kalla ya fahimci abin da ya fahimta.

Yadda magina suke yi

Magini yakan kwaɓa ƙasa da ruwa da busasshiyar ciyawa, ya bar ta ta kwana biyu. Bayan ya yi yaɓe, tun ƙasar tana ɗanya sai ya fitar da zanen da yatsunsa. Daga nan a shafa makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, don kada ruwan sama ya wanke aikin. An fi yin adon a fuskar zaure, saboda nan baƙo yake fara gani. Zanen da aka fi sani shi ne dagi. Daga baya maginan Zariya sun riƙa saka keke da agogo da jirgin sama.

Gwanaye uku

Na farko shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu. Shi ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830, kuma an riƙa zuwa ganin bakan gizo da adon da ya yi a ciki.

Na biyu maƙwabcinmu ne, Falke Barmu na ƙauyen Yama a jihar Tawa ta Nijar. Ya fara ginin masallacin garinsu da ƙasa a 1962. Daga baya ya yi masa hasumiya huɗu, babu wadda ta yi kama da 'yar uwarta. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gini.

Na uku shi ne El Anatsui, wanda aka haifa a Ghana a 1944. Ya fara koyarwa a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka a 1975. Shi kayan aikinsa murafan kwalabe ne da aka zubar, yawancinsu na giya. Yaransa suna baje su, su huda su, su ɗinke dubbai da wayar jan ƙarfe, har su zama kamar ƙaton zane mai ƙyalli da ake ratayawa a bango. Murafan suna tuna wa mai kallo yadda Turawa suka riƙa kawo giya suna musayarta da bayi. A 2015 an ba shi kyautar Zakin Zinare a birnin Benis na Italiya.

Abin da ya shafe mu

A ƙasar Gobir bulo da kwano suna maye gurbin ginin ƙasa. Rashin tsaro kuma ya tashi ƙauyuka da dama a Sabon Birni da Isa, kuma gidan ƙasa idan babu mai yi masa yaɓe, damina kaɗan ce za ta rushe shi. Idan tsofaffin magina suka tafi ba su koya wa kowa ba, zanensu ya tafi ke nan.

Aikin gida

1. Kowa ya nemi gida mai ado a unguwarsu, ya nemi izinin mai gidan, ya kwafi zanen a littafinsa.
2. Mu tambayi iyaye da kakanni sunan zanen da sunan maginin da ya yi shi.
3. Mu tara murafan lemo, mu wanke su, mu kawo ranar Alhamis. Malaminmu na fasaha zai nuna mana yadda za mu jera su a kan kwali su ba da dagi.

Aikin da ya fi kyau za mu liƙa shi a wannan allo mako mai zuwa, in sha Allah.