Yadda Ake Gyara Matsalolin Hoto a Kodi Idan An Jona Kwamfuta da Talabijin

Kodi manhaja ce ta kyauta wadda ke mayar da kwamfuta rumbun kallo. Tana jera fina-finai, karatuttuka da waƙoƙi a fuskar talabijin yadda mutum zai zaɓa daga inda yake zaune. A na'urar wasa ta Xbox ta samo asali, shi ya sa ake kiranta XBMC har zuwa 2014, lokacin da aka sake mata suna. Da yawa daga cikin masu amfani da ita kan ɗora ta ne a kan tsohuwar kwamfutar cinya, ko ƙaramar Raspberry Pi, su jona da wayar HDMI. Daga nan ne rigimar ke farawa: allo ya yi baƙi, ko gefen hoto ya yanke, ko launi ya koɗe, ko fim ya riƙa tafiya yana fizga.

Kafin ka taɓa komai, ka riƙe wannan. Hoto yana bi ta hannu biyar kafin ya iso idonka: fayil ɗin fim, Kodi, direban katin hoto na kwamfuta, waya, sai talabijin. Kowace matsala a hannu ɗaya take zaune, kuma a nan ya kamata a gyara ta. Abin da ya fi ɓata wa mutane lokaci shi ne su canja saiti huɗu a lokaci guda, ta yadda ko hoton ya gyaru ba su san me ya gyara shi ba, in kuma ya ƙara lalacewa ba su san hanyar komawa ba. Abu ɗaya za ka canja, ka duba, sannan ka wuce gaba.

Shiri

Ka jona kibod, don rimot kaɗai ba zai ishe ka ba. Ka shiga Settings a Kodi, ka dubi ƙasan gefen hagu inda aka rubuta Basic ko Standard, ka riƙa dannawa har ya koma Expert, domin yawancin saitin da za mu taɓa a ɓoye suke a matakin ƙasa. Sannan ka kwafi fayil ɗin guisettings.xml ka adana. A Windows yana cikin %APPDATA%\Kodi\userdata, a Linux yana cikin ~/.kodi/userdata. Shi ne ke riƙe duk zaɓin da ka yi, kuma shi zai cece ka in abu ya rikice.

Mataki na farko: gano mai laifi

Ka danna maɓallin \ a kibod. Kodi za ta fita daga cika allo ta koma ƙaramar taga, ka ga Windows a bayanta. Idan Windows ɗin ma gefensa a yanke yake, ko launinsa a koɗe, to ka wanke Kodi, matsalar tana tsakanin direba, waya da talabijin. Idan Windows ya fito ras kuma jerin Kodi ma lafiya, sai an kunna fim abu ke lalacewa, ka gwada wani fim daban, ka kuma buɗe wancan a manhajar kunna bidiyo ta VLC. Fayil guda da ya ƙi a ko'ina shi ne lalatacce, babu saitin da zai gyara shi.

Mataki na biyu: allo baƙi

Ka fara da abu mai sauƙi. Ka tabbatar lambar HDMI da ka zaɓa da rimot ita ce ta ramin da ka cusa wayar. A Windows ka danna maɓallin Windows tare da P, ka zaɓi Second screen only. In har yanzu shiru, ka danna Windows, Ctrl, Shift da B gaba ɗaya, wannan yana sake tayar da direban hoto ba tare da an kashe kwamfutar ba.

Akwai wani dalili da ya fi damun masu zama inda wuta ba ta tsayawa. Duk lokacin da kwamfuta ta tashi, takan tambayi talabijin ta cikin wayar irin girman hoto da saurin da take iya karɓa. Amsar da talabijin ke bayarwa ita ake kira EDID. To idan aka kawo wuta kwamfutar ta tashi da kanta alhali talabijin tana kashe, babu wanda zai amsa mata. Sai ta zaɓi ƙaramin girma na jeka-na-yi-ka, ko ta ƙi fitar da hoto sam. Maganin nan take shi ne ka kunna talabijin tukuna, ka sa ta a kan HDMI ɗin, sannan ka kunna kwamfuta. Mai amfani da tsarin LibreELEC maimakon Windows yana da magani na dindindin: lokacin da hoto ke fita daidai, ya shiga ta SSH ya rubuta getedid create. Na'urar za ta adana bayanin talabijin ɗin, ba ta ƙara jiran amsa. Mai Raspberry Pi 4 kuma ya lura ramukan HDMI biyu gare ta, ya yi amfani da wanda ke kusa da ramin wutar.

Idan hoto yana zuwa yana ɗaukewa, ko kana ganin ƙananan ɗigo farare suna ƙyalli a wuraren duhu, waya ce. Ka canja ta da gajeriya. Ba sai mai tsada ba, amma doguwar waya siririya mai arha ita ce kan gaba wajen haddasa wannan.

Mataki na uku: girman hoto

A Settings, System, Display, ka sa Resolution ya yi daidai da ainihin girman talabijin. Mai Full HD 1920 × 1080 ce. Da yawa daga cikin masu inci 32 na kasuwa ainihinsu 1366 × 768 ne ko da suna karɓar 1080, don haka ka gwada duka biyun ka ga wanda rubutu ya fi fita tas. Ka kuma guji zaɓin Duplicate da ke fitowa in ka danna Windows tare da P, domin yana tilasta wa allon kwamfutar da talabijin su yi tarayya a girma ɗaya, kuma sau da yawa talabijin ce ke cutuwa.

Mataki na huɗu: gefen hoto ya yanke

Wannan ita ce matsalar da aka fi yawan gyarawa a wurin da bai dace ba. Alamarta ita ce agogon Kodi da ke sama ya shige gefe, ko rubutun fassara na ƙasa ya ɓace rabi. Dalilinta tsohuwar ɗabi'a ce da talabijin ta gada tun zamanin mai ƙusumbi: tana ɗan faɗaɗa hoton da aka aiko mata ta zubar da gefunansa, saboda a da gefen hoton tashoshi yakan zo da ƙazanta. Ana kiran wannan overscan. Ga kwamfuta ba shi da wani amfani.

A talabijin ake kashe shi, cikin saitin girman hoto. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa: LG na cewa Just Scan, Samsung na cewa Fit to Screen ko Screen Fit, Sony na cewa Full Pixel, Sharp na cewa Dot by Dot. A wasu talabijin, da ka sauya sunan ramin HDMI ɗin zuwa PC, shi ke nan ya mutu da kansa.

Kodi tana da Video calibration, inda ake jan kusurwoyin hoto ciki har su bayyana, kuma mutane suna rugawa can saboda yana ba da sakamako nan take. Ban goyi bayan a fara da shi ba. Abin da ke faruwa shi ne Kodi ta matse hoton, talabijin kuma ta sake buɗa shi, an taɓa shi sau biyu ke nan, kuma kaifinsa ya ragu. Kamar mai rage tsawon riga ne saboda madubinsa karkatacce ne. Ka bar wannan saitin sai ka bincika talabijin ka tabbatar ba ta da hanyar kashe faɗaɗawar. In ka riga ka taɓa shi a baya, ka mayar da shi yadda yake tun asali, in ba haka ba za ka ga baƙin zobe ya kewaye hoton bayan ka gyara talabijin.

Akasin haka ma na faruwa, hoto ya ƙanƙance a tsakiya da baƙi a ko'ina. Wannan yawanci daga direba ne. A manhajar AMD ka nemi HDMI Scaling ka mayar da shi sifili, a ta NVIDIA ka duba Adjust desktop size and position. Amma baƙin layi a sama da ƙasa kaɗai lokacin fim ba matsala ba ne, haka aka ɗauki fim ɗin da faɗi. Idan fuskokin mutane sun miƙe ko sun kumbura, ka riƙa danna Z har ya dawo Normal.

Mataki na biyar: launi

Hanya biyu ake aika haske ta HDMI. Kwamfuta ta saba da ma'auni daga 0 zuwa 255, harkar bidiyo kuma daga 16 zuwa 235. Idan kwamfuta ta aiko da gajeren ma'auni talabijin tana jiran cikakke, baƙi zai koma toka-toka, hoto ya yi fari-fari. Idan aka juya, duhu zai cinye komai, dare a fim ya zama ba ka ganin fuskar kowa. Abin nema kawai bakinsu ya zo ɗaya. Ka sa direba a kan Full, a NVIDIA ana samunsa a Output dynamic range, a AMD a Pixel Format. A talabijin ka nemi HDMI Black Level ka sa Normal in Samsung ce, ko Black Level ka sa High in LG ce. Zaɓin Use limited colour range na cikin Kodi kuma ka bar shi a kashe.

Idan fim ɗaya ne kawai ya koɗe, ka duba sunansa ko akwai HDR a jiki. Irin wannan fayil yana son talabijin mai HDR. Tun daga Kodi 19 ta 2021 ana iya aika HDR10 kai tsaye a Windows, amma in talabijin ɗinka ba ta da shi, ka nemi kwafin fim na yau da kullum ya fi maka sauƙi.

Mataki na shida: fim yana fizga

Ka lura da lokacin da kyamara ke zagayawa a hankali. In hoton yana ɗan tsalle-tsalle, lissafi ne bai zo daidai ba. Fim ɗin silima yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, ko 23.976. Shirye-shiryen tashoshin Najeriya, Nijar, Gana da Turai suna kan 25 ko 50, na Amurka kuma suna kan kusan 30 ko 60. Kwamfuta kuwa ta saba sabunta allo sau 60 a daƙiƙa. Raba 60 gida 24 ba ya fita cif, don haka hoto ɗaya yakan tsaya sau uku, mai bi masa sau biyu. Mai 25 ya ma fi wahala a kan 60, alhali a kan 50 kowane hoto sau biyu ne daidai wa daida.

Ka shiga Settings, Player, Videos, ka sa Adjust display refresh rate a kan On start/stop. Sannan ka koma System, Display, Whitelist, ka zaɓi 23.98, 24, 50, 59.94 da 60 a girman talabijin ɗinka, gwargwadon waɗanda suka bayyana. Daga nan Kodi za ta riƙa sauya saurin talabijin ya dace da kowane fim. Allo zai ɗan yi baƙi na daƙiƙa ɗaya ko biyu a farkon fim, wannan ba laifi ba ne. In kana rasa farkon magana, ka ƙara Delay after change of refresh rate. Zaɓin Sync playback to display ka bar shi a kashe in kana aika sauti kai tsaye zuwa amfilifaya, domin yana hana hakan.

Ka kuma kashe abin da talabijin ke yi na ƙirƙiro hotunan cike giɓi, wato TruMotion a LG, Auto Motion Plus a Samsung, Motionflow a Sony. Idan kuwa fim yana farawa lafiya sai can ya soma sarƙewa, ka taɓa jikin kwamfutar. Zafin bazara da ƙurar hunturu da ta toshe fanka suna sa ta rage gudu don kare kanta. A buɗe a share, a kuma ɗaga ta daga kan kafet.

Mataki na bakwai: sauti na fita, hoto kore ko baƙi

Lokacin da fim ke tafiya ka danna O. Za ka ga sunan abin da ke warware bidiyon, da HW ko SW a gefensa. HW na nufin katin hoto ne ke aikin, SW kuma ƙwaƙwalwar kwamfutar ce. Ka je Player, Videos, ka kashe Allow hardware acceleration, wanda a Windows DXVA2 ne, a Linux VAAPI ko VDPAU. In hoto ya dawo, direba ne, ka sauko da sabo daga shafin Intel, AMD ko NVIDIA, ka sake kunna zaɓin.

Wani lokacin kuma ƙarfin na'urar ne ya ƙare. Sababbin fayiloli da yawa HEVC ne mai bit 10, kuma katin hoton Intel bai fara warware shi gaba ɗaya da kansa ba sai a zubi na bakwai. Tsohuwar kwamfutar gwanjo da ba ta kai nan ba za ta yi ta nishi a kansa. Ka nemo mata fayil na H.264, za ta kunna shi sumul. Haka batun 4K: ramin HDMI 1.4 iyakarsa sau 30 a daƙiƙa, sai HDMI 2.0 ke kai 60, kuma sai ka kunna shi a talabijin, wato Input Signal Plus a Samsung ko HDMI Ultra HD Deep Colour a LG.

Idan duk wannan ya faskara

Ka rufe Kodi gaba ɗaya, ka sauya wa guisettings.xml suna, ka sake buɗe ta. Za ta ƙirƙiri sabo da saitin asali, jerin fina-finanka kuma yana nan bai taɓu ba. In matsalar ta tafi, wani saitin da ka yi ne, ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya. In tana nan, ka shiga System, Logging, ka kunna Enable debug logging, ka sake tayar da Kodi, ka kunna fim ɗin har matsalar ta bayyana, sannan ka fita. Fayil ɗin kodi.log, wanda a Windows yake cikin %APPDATA%\Kodi, zai nuna katin hotonka, girman da talabijin ta bayar da kuma inda abu ya tsaya. Shi za ka miƙa wa mai gyara, haɗe da lambar samfurin talabijin ɗin da ke rubuce a bayanta.