Darasi: Wajibi da Ibadar Zuciya

'Yan'uwa cikin Kristi, duk sa'ad da aka karanta mana misalin ɗan da ya ɓata (Luka 15:11-32), hankalinmu yakan tafi kan ƙaramin, wanda ya cinye gādonsa har ya koma kiwon aladu. Amma mu da muke cika coci kowace Lahadi mun fi kama da wansa, saboda haka a kansa za mu tsaya.

Ta wajen aiki, babu laifin da za a ɗora wa babban ɗan nan. Daga gona ma yake dawowa da ya ji kiɗa da rawa a gida, ya ƙi shiga. Da uban ya fito yana lallashinsa, sai ya amayar da abin da ke cikinsa: shekara da shekaru yana bauta, bai taɓa ƙetare umarni ba, amma ko ɗan akuya ba a ba shi ya yi shagali da abokansa ba. Ashe lissafi yake yi tun tuni, kamar ɗan ƙodago mai jiran a biya shi da yamma. Yana kwana a gidan ubansa, amma bai san zuciyar uban ba. Ko bakinsa ya kasa kiran ƙanen nasa ɗan'uwa.

Kada wani ya ce muna rena wajibi. Ikilisiya ta ɗora mana zuwa Misa ranar Lahadi da manyan ranaku, da azumi a lokacinsa, da taimaka mata da abin hannunmu. Tun Majalisar Lateran ta Huɗu a 1215 aka wajabta furta zunubi aƙalla sau ɗaya a shekara, da karɓar Jibi Mai Tsarki a lokacin Ista. Amma Katikizim da Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar a 1992 ya bayyana cewa dokokin nan su ne mafi ƙanƙantar abin da ake nema. Harsashi ne, ba a kuwa kwana a kan harsashi. Maigidan da ke kawo hatsi da kuɗin cefane kullum, amma ba ya zama ya yi hira da matarsa, ya sauke nauyi. A tambayi matar ko auren ke nan.

Tambayoyinmu sukan tona mana asiri. Sau nawa katikis yake jin wani yana neman sanin iyakar lattin da zai yi, Misa ta karɓu duk da haka? Mai ƙauna ba ya tambayar iyaka irin wannan.

Sai dai akwai kuskure a ɗaya gefen, kuma ya fi yawa a cikin matasanmu. Sukan ɗauka ibadar zuciya ita ce hawaye da tashin tsikar jiki, har wani ya ce ba zai je coci ba tun da ransa bai so ba yau. Uwa Teresa ta Kalkata, wadda ta rasu a 1997, ta yi shekaru masu yawa ba ta jin daɗin kusancin Allah ko kaɗan, kamar yadda wasiƙunta da aka buga a 2007 suka nuna. Duk da haka ba ta bar addu'a ba, ba ta bar matalauta ba. A kwanakin fari irin waɗannan, wajibi ne yake riƙe da ƙauna kada ta faɗi. Majalisar Trent ma ta koyar cewa tuban da ya fito daga tsoron hukunci baiwa ce ta Allah, ko da yake bai kai tuban da ya fito daga ƙauna ba.

Mu tuna kuma wa Yesu yake ba labarin: Farisiyawa da malaman Attaura, masu kiyaye doka, waɗanda suke gunaguni don yana ci tare da masu zunubi. Uban ya tabbatar wa babban ɗan cewa duk abin da yake da shi nasa ne. Luka bai faɗa mana ko ya shiga gidan ba.