Kafin ka wanke tsohon kuɗin kakarka, san ma'aunin da za a ɗora shi

Sana'ata saye da sayar da tsofaffin kuɗi ce, kuma yawancin kayan da nake kaiwa Kasuwar Kurmi daga ƙauyukan Rano da Kibiya nake samo su: Rurum, Tarai da kewayensu. Duk lokacin da aka raba gado, ko aka buɗe adakar wata tsohuwa, sai a ga ƙullin anini da sisi da sule, wani lokaci har da liyari a jikin tsakiya. Abin da ke damuna shi ne, kafin kayan su iso hannunmu, masu su sun riga sun kashe musu daraja da hannunsu, da niyyar gyara.

Ku sani, ma'auni uku ake ɗora tsohon kuɗi a kai, kuma kowanne da abin da yake dubawa.

Na farko na maƙerin farfaru ne. Shi ba ruwansa da shekara ko hoton sarki, nauyin azurfa yake saye don ya narka. Liyari, wato dalar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya, nauyinta giram 28 ne, kashi biyar cikin shida azurfa. Sule da fataka na Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma waɗanda aka buga daga 1913 zuwa 1919 su ma azurfa ce mai kyau. Daga 1920 aka fara rage ta, sannan aka koma farin ƙarfe mai ruwan rawaya, shi ya sa sulen 1938 ba ya burge maƙeri ko kaɗan.

Na biyu namu ne na dillalai, ido da yatsa. Muna cewa wannan «ya sha hannu», wancan «da sauransa», wani kuma «dal yake». Dillalan Ingila ma da kalmomi suke yi, daga mai kyau, zuwa mai kyau ƙwarai, zuwa wanda bai taɓa shiga kasuwa ba. Matsalar wannan ma'auni ita ce, mai saye shi ne alƙali, kuma kowa ya san kura ba ta raba nama da adalci.

Na uku na lamba ne, daga Amurka. A 1949 wani mai suna William Sheldon ya tsara ma'auni daga 1 zuwa 70, inda 60 zuwa sama ke nufin kuɗin bai taɓa yawo ba. Kamfanonin PCGS, wanda aka kafa a 1986, da NGC na 1987, da shi suke aiki: su duba kuɗi da madubin ƙara girma, su ba shi lamba, su rufe shi a gidan roba. Haka ake yi wa katunan 'yan wasa na da, sai dai su ma'auninsu 1 zuwa 10 ne, ana duba kusurwa, gefe, fuska da daidaiton hoto. A Agustan 2022 an sayar da katin wani ɗan wasa, Mickey Mantle, na 1952, mai lamba 9.5, kan dala miliyan 12.6. Kwali ne fa, lafiyarsa aka saya.

To, ga inda ake tafka asara. Mutum ya ga kuɗi ya yi duhu, sai ya samo toka da lemun tsami, ko ya jiƙa tsamiya, ya dirje shi har ya yi ƙyalli. A wurin maƙeri babu abin da ya canja. A ma'auni na biyu da na uku kuwa an gama da shi. Ka ɗauki anini da aka dirza ka karkata shi a rana, za ka ga ƙananan zane-zane sun bi gefe guda a kan tauraron nan mai kusurwa shida, rubutun Larabcin da ke kusa da hujin kuma ya dushe. Waɗancan kamfanoni ba sa ma ba irin wannan lamba, sai dai su rubuta cewa na gaske ne amma an wanke. Duhun da kuke gani datti, shi ne shaidar cewa ba a taɓa shi ba. Haka liyarin da aka huda ko aka liƙa wa kunne don rataye: ta zama kayan ado, kuɗin azurfarta kawai za ta yi.

Sai batun shekara. Sau da yawa ana kawo mini liyari ana cewa, «Alhaji, duba, 1780!» Gaskiya ne haka aka rubuta, amma shekarar rasuwar sarauniyar ce, kuma an ci gaba da buga ta da wannan shekara a Biyana, Landan, Paris, Rum da Bombai, har yau ma ana bugawa. Haka kobo mai huji na 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus a shekarar: labarinsa da daɗi, amma an buga shi da yawa, ba ya tsada. Abin da ke ɗaga farashi shi ne ƙarancin bugu da lafiyar kuɗin. Har ɗan harafin da ke jikinsa, H ko KN, alamar masana'antar da ta buga shi a Birmingham, yana iya raba farashin kuɗi biyu masu shekara ɗaya.

Ku kuma yi hattara da masu yawo suna cewa akwai wani sinadari a cikin tsohon kobo da Turawa ke saye da miliyoyi, amma sai ka biya kuɗin gwaji. Babu wannan sinadari, damfara ce.

Shawarata ga 'yan'uwa: kada ku wanke, kada ku goge. Ku riƙe kuɗi ta gefensa, ku naɗe kowanne daban a farar takarda, ku nisanta shi da laima. Tsohuwar takardar fam, wadda naira ta gada a Janairun 1973, kada a sa mata dutsen guga ko gam. Ku ɗauki hoton gaba da baya da waya, ku ji farashi a bakin mutum uku, kuma ku tambayi kowannensu: da nauyi kake saye, ko da lafiya? In kuwa a adakar akwai tsohon littafi na hannu, takobi ko kayan sarauta, ku fara tuntuɓar Gidan Makama a Kano, domin dokar 1979 ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su waje ba da izini ba.

Allah Ya sa mu ci halal ɗinmu, Ya jiƙan waɗanda suka bar mana.