Masu Kula da Gidan Tarihi: Wa Ke Kula da Su?

Da yawa daga cikinmu mun taɓa zuwa gidan tarihi tare da malamanmu. Mun ga tukwane, da kayan yaƙi, da mutum-mutumi a cikin akwatunan gilashi, muka dawo muna ta ba da labari. Amma mu nawa ne muka tambayi kanmu wane ne ya share ƙurar gilashin, ko wane ne ya kwana yana gadin ƙofar? A wannan darasi za mu duba mutanen da ke riƙe da gidajen tarihi, da irin tallafin kuɗin da ke sa su iya yin aikinsu.

Aikin da ido ba ya gani

Bari mu ɗauki gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952. Tun a 1928 masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a kusa da ƙauyen Nok. Waɗansunsu sun haura shekara 2,000 a cikin ƙasa. Abin da ƙasa ta ɓoye tsawon wannan lokaci, sakacin shekara ɗaya ya isa ya lalata shi.

Saboda haka kowane kaya da ya shigo sai an ba shi lamba, a rubuta inda aka samo shi, a ɗauki hotonsa. In aka sace kayan da ba shi cikin rajista, da wuya a tabbatar wa kotun wata ƙasa cewa namu ne. Akwai mai duba gara a jikin itace, da mai lura da laimar damina wadda ke sa fata da tufafi su yi fumfuna, da mai hana ƙurar hunturu shiga ɗakin ajiya. Ga masu gadi, ga masu yi wa baƙi bayani. Sai kuma masu aikin sa kai, kamar ɗalibai da malaman da suka yi ritaya, waɗanda ba sa karɓar albashi.

Mene ne tallafi?

Tallafi kuɗi ne da gwamnati, ko wata gidauniya, ko ƙungiyar duniya ke bayarwa domin wani aiki takamaimai. Ba rance ba ne, ba a mayar da shi. Amma kuma ba kyautar da za a kashe yadda aka ga dama ba ce. Mai nema zai rubuta abin da yake so ya yi, da kasafin kuɗinsa, da lokacin gamawa. In an ba shi, dole ya ajiye rasit na kowane kwabo, ya kawo rahoto a ƙarshe. Wanda ya kasa ba da lissafi ya rufe wa na bayansa ƙofa.

A Nijeriya, Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke kula da gidajen tarihi na gwamnatin tarayya da ma'aikatansu. Tallafin waje yakan cike giɓi, musamman wajen horo. A 1963 UNESCO ta taimaka aka buɗe makarantar koyar da ma'aikatan gidajen tarihi a Jos, inda ɗalibai suka riƙa zuwa daga ƙasashen Afirka masu amfani da Turanci da masu amfani da Faransanci. Daga 1990 zuwa 2000 cibiyar ICCROM da ke Roma ta gudanar da shirin PREMA, ta horar da ɗaruruwan ma'aikata a Afirka. Daga wannan shiri ne aka samu makarantar adana kayan gado ta Porto-Novo a Jamhuriyar Benin a 1998.

Me ya sa mutum ya fi gini?

Mai bayarwa yakan fi son sabon gini, domin gini ana ɗaukar hotonsa, a kafa allo da sunansa. Horon ma'aikaci kuwa ba a ganinsa. Amma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai aikin sa kai ya ba da lokacinsa kyauta, duk da haka yana bukatar kuɗin mota, da abincin rana, da wanda zai koya masa yadda ake ɗaukar tsohuwar tukunya ba a kama ta ta baki ba. In babu waɗannan, zai zo sau biyu ko uku, mu daina ganinsa.

Mu tuna da abin da ya faru a Brazil. A watan Satumba na 2018 gobara ta cinye babban gidan tarihin ƙasar a birnin Rio de Janeiro, bayan shekaru na ƙarancin kuɗin kulawa. Yana ɗauke da kaya kusan miliyan 20, mafi yawansu suka ƙone a dare ɗaya. Ɗan abin da aka fitar a daren, ma'aikata ne suka kutsa suka ɗauko da hannunsu.

Wannan gargaɗi ne gare mu. A 2022 Jamus ta fara dawo wa Nijeriya da kayan tagulla na Benin waɗanda sojojin Ingila suka kwashe a 1897, a 2025 kuma Holan ta dawo da guda 119. Murna ce, amma kayan da suka dawo suna jiran hannuwan da suka san aikin.

Namu rabon

Ba mu da miliyoyin da za mu bayar. Amma muna iya biyan kuɗin shiga ba tare da neman alfarma ba. Muna iya ba da ranakun hutunmu. In mun ga wani tsohon abu a gona, mu kai rahoto maimakon sayar wa dillali. Wataƙila kuma wani a cikinmu ya zaɓi wannan aiki ya zama sana'arsa.

Tambayoyi don nazari

1. Mene ne bambancin tallafi da rance?
2. Don me rajista take da muhimmanci in an sace kaya?
3. Da an ba ajinku tallafi domin gidan tarihi mafi kusa da ku, nawa za ku ware wa mutane, nawa kuma wa gini? Ku ba da dalili.