Aikin maza da mata a zanen duwatsun Sahara

Shekaru 6.000 da suka wuce, Sahara ba hamada ba ce kamar yau. Akwai tabkuna, akwai ciyawa, akwai makiyaya da shanunsu. Mutanen nan ba su bar rubutu ba, amma sun bar zane bisa duwatsu.

A Tasili, kudu maso gabashin Aljeriya, akwai zane fiye da 15.000. An yi wasu da jar ƙasa, an sassaƙa wasu cikin dutse.

Mi zanen ke nunawa? Ga maza riƙe da baka, suna kora garke ko suna farauta. Ga mata bakin bukkoki tare da yara. A wani wuri mai suna Iheren, an zana mata bisa takarkarai ranar ƙaura, wasu kuma suna kafa bukka a sabon masauki.

Amma mai zane abin da ya burge shi yake zanawa. Shanu da farauta sun cika duwatsu, niƙa da dahuwa ba su samu wuri sosai ba. Nan Nijar ma, a Iwelen cikin duwatsun Ayar, maza masu mashi sun fi yawa.

To, ƙasa ta faɗi sauran labarin. A Tenere, masu bincike sun tsinci duwatsun niƙa da tsingaron tukwane masu yawa. Aikin nan, wanda har yau yake hannun mata a karkara, shi ma ya ciyar da gidajen mutanen da.

Tambaya: in an zana garinku yau, aikin wa za a manta?