Ga Mai Zuwa Ikeja Sayen Laftof: Kada Hasken Madannai Ya Ruɗe Ka

Wani abokina malamin sakandare a Zariya ya nemi shawarata. Ɗansa ya samu gurbi a jami'a, su kuma suna da biki a Agege, don haka yana so ya leƙa Computer Village ya saya wa yaron laftof. Yaron ya kafe sai irin ta gem, mai haske a madannai, uban kuwa abin da ya ware bai wuce kuɗin mai araha ba. Na san ba gidansu kaɗai ake wannan ja-in-ja ba duk lokacin da aka buɗe makarantu, shi ya sa na ga gara in rubuta.

Isa kasuwar

Computer Village tana cikin Ikeja. Titin Otigba ne cibiyarta, amma ta daɗe da mamaye Pepple da Ola Ayeni da lungunan da ke kewaye. Daga filin jirgin Murtala Muhammed ba nisa in gosulo bai riƙe ka ba. Wanda ya sauka a Agege yana iya shiga jirgin ƙasa na Red Line, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024, ya sauka a tashar Ikeja. Da katin Cowry ake biya. Kada ka hau acaɓa ko da ɗan garinku ne ke tuƙawa: tun Yunin 2022 gwamnatin Legas ta haramta shi a Ikeja, kuma dokar ta haɗa har da fasinja. Safiyar Alhamis ana tsaftar kasuwanni, Lahadi kuma yawancin shaguna a rufe suke. An daɗe ana maganar mayar da kasuwar Katangowa wajen Abule Egba, saboda haka ka tambaya kafin ka taso. Waya da walat a aljihun gaba.

Ka gama shawara tun a gida

Duk wanda ya shiga Otigba bai san abin da ya zo saya ba, wani ne zai zaɓa masa. Tambaya biyu ce za ka amsa kafin ka bar gida: wane aiki kwamfutar za ta yi, kuma da wace wuta za ta yi shi?

In aikin rubutu ne da lissafi, da binciken intanet, da darasi ta Zoom, da koyon rubuta manhaja, da kallon fim, to babu abin da ya haɗa ka da ta gem. Abin da ya dace da kai shi ne tokumbo irin wadda kamfanonin Turai da Amurka suka gama amfani da ita a ofis: HP EliteBook 840 G5 ko G6, Dell Latitude 7490 ko 5400, Lenovo ThinkPad T480. Don wahala aka ƙera su, kayan gyaransu kuma sun cika Farm Centre a Kano da Banex a Abuja. Ka nemi RAM 8 aƙalla, 16 in da hali, da ma'ajiya irin ta SSD. Na fi yarda da waɗannan nesa ba kusa ba a kan sabuwa dal mai Celeron da RAM 4, wadda kwalinta ya fi ta kyau.

Mai buƙatar ta gem da gaske sananne ne: ɗalibin zanen gine-gine da zai yi aiki da Revit ko Lumion, mai tace fim da Premiere Pro ko DaVinci Resolve, mai zane da Blender. Su katin girafik ne jarinsu. Sabuwa mai RTX 4050 ko 4060 ta haura naira miliyan ɗaya, tokumbon ofis kuwa ba ta kai rabin haka ba. Wanda burinsa kawai ya buga ƙwallo ko GTA, ya sayi PlayStation 4 ta hannu ya haɗa da laftof mai araha, zai ma dawo da canji.

Sai maganar wuta, wadda babu mai shago a Ikeja da zai tayar maka da ita. Cajar laftof ta ofis wat 45 ce ko 65, kuma da yawansu suna caji ta USB-C, har da fawa-bank mai ƙarfi. Ta gem tana son wat 150 zuwa 230, wata ma fiye. Da zarar ka zare ta daga wuta, ita da kanta take rage ƙarfinta, batirin kuma ba ya kai ko'ina in ana gem. Wanda ya ga yadda Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu a Oktoban 2024 ya san me nake nufi. Ta gem doki ce: ba ranar saye ake gane tsadarta ba, sai an zo ciyarwa. Ga nauyi, fiye da kilo biyu ban da caja, ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka.

Tarkon da ke tsakiya

Mai araha ba ta cutar kowa, mai tsadar ma haka, in dai an san abin da aka saya. Inda ake kwasar mutane shi ne tsakiya: kwamfutar gem a kuɗin mai araha.

Haka ta faru da wani ɗan yayata mai karatun zanen gine-gine. Tun daga ƙarƙashin gadar Ikeja wani ɗan kamasho ya manne masa, yana Alhaji, Alhaji, alhali yaron ko Jidda bai taɓa gani ba. Ya ja shi wani bene, shago mai sanyin na'ura. Yaron ya faɗi kuɗin da ke hannunsa, wanda shi ne abu na farko da ba a yi. Mai shagon ya yi ɗan jim, ya ce akwai wata da wani ya ba da kafin alƙalami bai dawo ba. Ya fiddo ta: baƙa, mai kauri, da jan layi a gefe, ga tambarin i7 da na Nvidia a manne. Ya kunna, madannai suka yi ja. Ya nuna masa motoci suna tsere a allo na minti biyu ko uku, ya rufe, ya ce a yi sauri domin mai ita na iya shigowa.

Ta yi lafiya a Legas, domin ba a sa ta aikin komai ba. Da aka dawo Kano, ana tsakiyar bazara, sai ya buɗe zanensa. Fanka ta fara kuka, ƙasan kwamfutar ya yi zafin da ba a iya ɗora ta a cinya, allo ya yi zane-zane kore, ta mutu. Ya kawo mini ita, ya ce, "Kawu, ka ga abin da aka yi mini."

Muka kai ta wajen wani mai gyara a Farm Centre. Yana kwance murfin ƙasa ya yi dariya. Cikin fanka biyu, ɗaya ba ta juyawa. Ƙura ta dunƙule ta toshe ramukan iska. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen da ke janye zafi ya bushe, yana ɓarewa da farce. Ya karkata allon ciki wajen fitila ya nuna mana gefen katin girafik, inda launi ya koma ruwan ƙasa. Ya ce an gasa shi da bindigar iska mai zafi: in katin ya fara mutuwa, a kan hura masa zafi dalmar ƙasansa ta narke ta sake kamawa, ya farfaɗo na 'yan makonni, daidai lokacin da za a sayar. Ya ɗaga cajar a tafin hannu, ya miƙo mini. An rubuta wat 150, amma ba ta da nauyin komai. Motocin da aka nuna wa yaron kuwa mun same su a cikin kwamfutar: bidiyo ne aka kunna masa, ba gem ba.

Tambarin i7 bai yi ƙarya ba, sai dai i7-6700HQ ce da katin GTX 960M, duka na 2015. Da yaron ya kira shagon, aka ce garantin sati biyu ne, ya wuce, ko da bai wuce ba sai an kawo ta Ikeja.

Yadda ake dubawa

Kada ka tsaya a i5 ko i7, ka karanta lambar da ke biye. A i5-8350U, 8 ɗin farko na nufin zubi na takwas. A i5-1135G7, 11 na nufin na sha ɗaya. Wannan i5 ta biyun ta fi waccan i7 ta 2015 a yawancin ayyukan yau da kullum. Kada ka sauka ƙasa da zubi na takwas, domin daga nan Windows 11 ta fara karɓa a hukumance, Microsoft kuma ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025. Lambar ka gan ta a cikin kwamfutar, a Task Manager, ba a takardar da aka manna ba; tambari ana sayar da shi a kasuwar.

Ka zo da filas ɗinka ɗauke da CrystalDiskInfo don lafiyar ma'ajiya, da HWMonitor don zafi, in ta gem ce ka ƙara da FurMark. Ka bar ta tana aiki mai nauyi aƙalla minti ashirin kana zaune. Ka sa hannu a ramukan iska ka ji duka fankokin suna hurawa. In zafi ya haura digiri 95 ya tsaya can, ko allo ya yi walƙiya, ka tashi. Shagon yana da sanyi, ɗakinka ba shi da shi. Mai shagon da ya hana ka minti ashirin ya gama ba ka amsa.

Batir kuma, ka rubuta powercfg /batteryreport a Command Prompt. Zai ba ka lamba biyu, ƙarfin batirin lokacin da aka ƙera shi da abin da ya rage; in ya sauka ƙasa da kashi saba'in cikin ɗari, kuɗin sabo ya fita daga ciniki. Ka shiga BIOS ka tabbatar ba a kulle shi da lambar sirri ba. Ka haɗa ta da intanet a gabansu, domin wasu tokumbon ofis suna nan a rajistar kamfanin da ya mallake su, sai an sake musu Windows su nemi shaidar ma'aikaci. Ka gwada kowane madanni, da kyamara, da kowace kafa, ka buɗe ka rufe murfi ka ji ƙarfin hinjinsa.

Ko a sababbin na gem akwai wayo. RTX 4060 ba ɗaya ba ce a kowace laftof: wani kamfani ya ba ta wat 45, wani ya ba ta fiye da 100, suna ɗaya, aiki daban. Ka duba shafin kamfanin da lambar samfurin.

In ka gama gwaji, kada ta bar idonka. "Bari yaro ya sa maka a kwali" ya raba mutane da yawa da abin da suka gwada.

Biya da dawowa

Shago mai suna da lamba, ba tebur a bakin titi ba. Ka tura kuɗi asusun da sunansa ya yi daidai da na shagon. Rasit ya ɗauki samfuri, da lambar siriyal, da RAM, da kwanakin garanti, ka gwada lambar da ta ƙasan kwamfutar kafin ka tashi. Ɗan kamasho ba kyauta yake raka ka ba, ladansa na cikin farashinka.

Rasit ɗin nan ba don shago kaɗai ba ne. Tsakanin Legas da Kano wajen kilomita dubu ne, shingaye kuma ba sa ƙirguwa. Matashi da laftof mai walƙiya a jaka, a wurin wasu jami'an, ɗan yahoo ne sai ya wanke kansa, kuma zanga-zangar da aka yi kan cin zalin 'yan sanda a 2020 ba ta kashe wannan ɗabi'a ba. Ka ɗauki hoton rasit ɗin a waya, ka ajiye katin makaranta ko na aiki kusa. A mota, jakar tana cinyarka, ba a but ba. A jirgi ma da ita za ka shiga, saboda batirinta.

Ka yi sayayya a farkon zuwanka, ba ranar da za ka kama hanya ba. Garantin Ikeja yana aiki ne muddin ƙafarka na Legas, don haka kwanakin da za ka yi can ka wahalar da ita: ka sa mata ainihin manhajar da za ta yi aiki da ita, ka bar ta a ɗakin da ba sanyi, ka zare caja ka ga awa nawa za ta yi. In kuma ba wata hidima ce ta kai ka Legas ba, ka fara taya ta a Farm Centre ko titin Beirut. Sau da yawa bambancin farashin bai kai kuɗin mota da masauki ba, kuma mai shagon da za ka iya komawa wurinsa a adaidaita sahu ya fi jin kunyar sayar maka da gasasshen kati.