Kada Alƙalaminka Ya Wuce Hujjarka

Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, ko na Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman, idan ya zauna rubuta kundin kammala karatu, ya auna kowace jimla da abin da bincikensa ya gano. Ɗauki ciwon ƙoda da ya daɗe yana addabar mutanen Bade, yankin da Gashuwa take. A majalisun unguwar Katuzu kowa da amsarsa: wannan ya ce ruwan sha ne, wancan ya ce maganin feshin gona ne. A hira wannan ya wadatar, amma takardar ilimi tana son ka faɗi daga wace rijiya ko wane famfo ka ɗebo ruwan, da rani ko da damina, sau nawa, kuma a ina aka gwada shi. Idan gidaje kaɗan ka zagaya a unguwa ɗaya, rubuta "a gidajen da na bincika", kada ka ce "a Gashuwa". Abin da ka ɗauko daga littafin wani kuwa, ambaci sunansa da shekara da shafi.

Wani zai ce wannan taka-tsantsan rauni ne, malami zai ɗauka ɗalibin ba shi da tabbas. Ban yarda ba. Mai duba kundi yakan fara tuhuma ne daga kalmomi irin su "duka" da "babu shakka", domin misali guda ya isa ya rushe su. Kuma a batun ƙoda rayukan mutane ake magana a kai. Idan ka ɗora laifi a kan rijiyar da ba ka gwada ba, maganar za ta iya fita daga kundi ta shiga gari, magidanci ya bar ruwa mai tsabta ya koma ɗiban wanda ya fi shi illa.